Tambaya tana tona son zuciyar masu taimaka wa alƙali?

Auta: Salamu alaikum. Malaminmu ya ce a Amurka, tambayoyin da ake yi wa mutane kafin a zaɓi 12 da za su taimaka wa alƙali yanke hukunci suna tona mai son zuciya. Ni ban yarda ba. Wa zai tsaya gaban kotu ya ce ya tsani baƙar fata?

Yaya: Ai ba haka ake tambayar ba, Auta. A shari'ar Derek Chauvin, ɗan sandan da ya kashe wani baƙar fata, George Floyd, an aika wa mutane takardar tambayoyi tun suna gida: sau nawa ka kalli bidiyon kisan, ka shiga zanga-zanga, yaya kake ganin 'yan sanda? Ana cikin zaɓen a watan Maris na 2021 birnin Minneapolis ya sanar zai biya iyalan Floyd dala miliyan 27. Alƙali Peter Cahill ya sake kiran waɗanda aka riga aka zaɓa, biyu suka ce labarin ya taɓa su, ya sallame su. Da ba a tambaya ba fa?

Auta: Waɗannan masu gaskiya ne, Yaya. Maƙaryacin fa?

Gwaggo: Labarin zuciya a tambayi fuska. Lauya yana kallon wanda ya sunkuyar da kai kafin ya amsa.

Kawu: Hajiya, nan ne abin ke ci mini rai. Kallon fuskar nan da shi ake zalunci. Sau 6 aka gurfanar da Curtis Flowers, wani baƙar fata da aka zarga da kisa, a jihar Mississippi, mai gabatar da ƙara ya kori baƙaƙe 41 cikin 42 da za a iya zaɓa su taimaka wa alƙali. A shari'ar ƙarshe ya yi wa baƙaƙe 5 tambayoyi 145, fararen 11 da aka zaɓa kuma tambayoyi 12 kacal. Neman dalilin korarsu yake yi. Sai 2019 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, bayan bawan Allah ya shafe sama da shekara 20 a tsare.

Yaya: Gaskiya ne, Kawu. Amma ƙirga tambayoyin nan ne ya taimaka wajen tona asirin mai gabatar da ƙarar, tunda komai a rubuce yake.

Kawu: Ya tona lauyan dai, ɗana. Shekarun Flowers wa zai mayar masa?

Auta: Gobe zan kai wa malam lissafin 145 da 12 ɗin nan, in ji me zai ce.