Wane Tsiro Na Gargajiya Ya Dace Da Tsakar Gida A Gombe?

Sabon Maigida, Tumfure:
Assalamu alaikum. Na kammala gini a Tumfure, kuma fili mai faɗin taku 12 ya rage mini a tsakar gida. Maƙwabtana duk darbejiya suka dasa, ni kuwa ina son abin da zai ƙawata gida kuma ya shiga tukunya, musamman tsirranmu na asali da muka taso muna ci a ƙauye. Me ya kamata in shuka kafin damina ta faɗi?

Tsohon Malamin Gona, Kumo:
Wa alaikumus salam. Ka cire kaɗanya da ɗorawa daga lissafi, domin kaɗanya takan kai shekara 15 kafin ta fara 'ya'ya, ɗorawa kuwa rassanta sun fi ƙarfin filinka. Shawarata ita ce kuka, amma ba don ta zama bishiya ba. Ka jiƙa irin a ruwan zafi ya kwana, saboda ɓawonsa yana da tauri, sannan ka shuka shi a jere kusa da juna, ka riƙa datse kan idan ya kai ƙugu. Da haka za ta yi ta fitar da ganye mai taushi ba tare da saiwarta ta kai ga tushen gini ba. Idan za a shanya, a shanya a inuwa, domin rana tana kashe koren ganyen.

Maman Yara, Bauchi:
Malam ya yi gaskiya, sai dai kada a manta da ƙananan ganyaye. A jikin katangarmu na jera yakuwa da rama da karkashi, tafasa kuwa da kanta take fitowa, kuma tun tsakiyar damina ba na sayen ganyen kwaɗo. Furen yakuwa da jan ɓawon 'ya'yanta da ake yin zoɓo da shi sun ishi gida ado.

Mazaunin Pantami:
Ɗan'uwa, ni tsamiya na dasa kusa da salga, bayan wasu shekaru saiwarta ta tsaga bangon ramin, dole na sare ta ina baƙin ciki. Magarya da kurna suna jure fari, amma ƙayarsu ba ta dace da inda yara ke yawo ba takalmi ba. Zogale asalinsa daga Indiya ne, duk da haka ina ganin ka ba shi kusurwa ɗaya.