Chainmail da Hausa: ku taya ni raɗa wa aikin nan suna

Jama'a, suna nake nema. Shekara biyu ke nan ina wani ɗan aikin hannu da daddare in na taso daga aiki, amma har yau in aka ce me kike yi, sai in hau kame-kame. Turawa chainmail suke ce masa. Waya nake samu, ta jan ƙarfe ko ta goran ruwa, in nannaɗe ta a jikin ƙusa 'yar inci shida, in zare ƙusar, in datse naɗin zobe-zobe. Sai in riƙe filaya biyu, ɗaya a kowane hannu, in buɗe zobe, in zura shi cikin 'yan'uwansa, in rufe bakin. Da haka da haka har ya zama awarwaro ko abin wuya ko ɗan kunne. Ba wuta, ba walda, ba zare.

Na taɓa sa kalmar a wata manhajar fassara, ta ce mini "wasiƙar sarƙa". Na yi dariya har da hawaye. Ita mail ɗin nan ba ruwanta da gidan waya. Daga Faransanci ta fito, maille, wato idon raga.

Jiya na tambaya a shafina me za a kira aikin nan da Hausa. Amsar da ta fi yawa ita ce: ki ce sarƙa kawai mana. Na gode, amma ban yarda ba. A sarƙa kowane zobe biyu yake riƙe da su, na gabansa da na bayansa, sai ta miƙe ɗoɗar kamar igiya. A tsarin da na fi yi, kowane zobe guda huɗu yake riƙewa. Shi ya sa abin ke yin faɗi, ka ɗora shi a bayan hannunka ya kwanta kamar ƙyalle. In ka kira shi sarƙa ka jefar da abin da ya bambanta shi.

Sai ga wani malamin Hausa daga Daura, a taƙaice ya rubuto: "Hajiya, sulke fa kike saƙawa." Wallahi kunya ta kama ni. Ni da tun ina ƙarama ake ɗaga ni a kafaɗa wajen Ƙofar Soro in kalli hawan salla, 'yan lifidi su wuce, 'yan sulke su wuce rana na ƙyalli a jikinsu, ban taɓa haɗa wancan da zobban da nake tarawa cikin robar man shafawata ba. Malamin ya ƙara da cewa tarihin Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke fagen yaƙi. Ashe kalmar ta fi shekara 600 tana jira na, ni ina can ina tambayar waya.

Duk da haka ban karɓa nan take ba. Wata 'yar'uwa ta faɗi abin da ke raina: wace amarya ce za ta so a ce an sa mata kayan yaƙi a lefe? Kuma akwai bambanci na gaske. Sulken mayaƙa mai kyau, bakin zobensa fyaɗa shi ake yi, a huda, a sa 'yar mitsitsiyar ƙusa a danne, don kada takobi ko mashi ya buɗe shi. Riga ɗaya tana iya cin zobe sama da 20,000, nauyinta ya kai kilo 10. Ni nawa haɗa baki kawai nake yi, awarwaro guda zobe ɗari uku da 'yan kai ya ishe shi, kuma ɗan yaye ma in ya ja da ƙarfi zai ɓalle shi. An taɓa yi mini, a wajen suna.

Yau da hantsi na ɗauki awarwaro guda biyu na kai wa wani dattijo maƙerin farfaru da ke gyara wa mahaifiyata zoben azurfa tun ban san kaina ba. Tambayar da na je da ita ita ce ko za a iya cewa "ƙirar zobe", don mutum uku sun kawo wannan. Ya jujjuya awarwaron, ya ɗaga shi ga haske, ya ce, "Ɗiyata, ina zugazuginki? Ina masabarki?" Na ce Baba babu. Ya ce, "To mi ya kai ƙira nan? Ba ki hura wuta ba, ba ki daki ƙarhe ba. Wanga saƙa ce." Sannan ya yi mini faɗan da ban roƙa ba, kan cewa jan ƙarfe tsirara yana sa fata kore in ya sha gumi. Na sani, Baba. Wuyan hannuna ya riga ka faɗa.

Wani ya ce saƙa sai da zare. Ina zare a saƙar tabarma? Kaba ce. Ina zare a saƙar zuma? Bahaushe ya daɗe da sakin kalmar ta yi kiwo inda take so.

Wanda ya kawo "sarƙen zobe", ka kusa sace zuciyata, don yana da daɗin faɗa. Matsalarsa ɗaya: in abu ya sarƙe, warware shi ake so a yi. Amma ba zan bar shi ya tafi a banza ba. Akwai wani tsari da Turawa ke jingina wa Rumawan Bizantin, wanda ake lanƙwaso zobba biyu baya a ɓoye wasu a ciki, ya fito kamar tufkakkiyar igiya mai ƙulli-ƙulli. Shi ne mai taurin kai a cikinsu: sai faɗin ramin zoben ya kai kamar kaurin wayar sau uku da rabi. In ya gaza, zobe ba zai shiga ba, in ya zarce da yawa, abin ya saki jiki ya rasa siffa. Daga yau sunansa sarƙaƙiya a wurina, kuma duk wanda ya taɓa kwana yana neman inda ya yi kuskure a cikinsa zai yarda.

To ga inda na tsaya. Aikin sunansa saƙar sulke. Abin da aka yi da shi kuma awarwaron sulke, sarƙar sulke, ɗan kunnen sulke. Wanda ake naɗe dutsen ado ko tsakiya da waya ba tare da zobe ba, wannan naɗin waya ne, ba wanda ya yi musu a kansa. 'Yar'uwa mai maganar lefe, na gwada a bakin ƙannena mata biyu, ba wadda ta tsorata, ƙaramar ma cewa ta yi sunan ya fi na Turancin tsada.

Ban fi awa biyu da sauya sunan a shafina ba wani bawan Allah ya turo saƙo, wai sulken kakansa ya yage a hammata, ko zan iya gyarawa kafin babbar salla. Na ce ya kawo in gani, amma ya sani zoben goran ruwa ba zai riƙe wannan nauyin ba. Gobe zan koma wajen Baba in tambaye shi inda ake samun wayar baƙin ƙarfe.