Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: wa ke bin wa bashi?

Malam Habu: Salamu alaikum. Ga karin maganarmu ta yau: "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Kullum da ita ake kiran mutane aikin gayya, kamar yasar kwata ko gyaran maƙabarta. Tambayata, wa take ɗora wa nauyi? Mutum ne zai ba jama'a hannunsa, ko jama'a ce za ta kawo wa mutum ɗauki?

Baba Ilu: Wa alaikumus salam. Ku da kuka tashi a gidan kwano sai an yi muku bayani. A ƙasa ake haɗa jinka, a ɗaure tsaiko, a baibaye da shuci, sannan a kira maƙwabta su ɗaga ta su ɗora kan ginin. To ɗakin na wa ne? Na mutum ɗaya. Ashe tun asali jama'a ce ke zuwa wa mutum. Amma shi ma akwai nasa: zai dama fura ko kunu ya ba 'yan gayya, kuma ranar da aka kira ta wani, dole a gan shi. Wanda ya saba noƙewa, ranar tasa zai ga fili fetal.

Hajiya Binta: Baba, haka yake a biki. Abin da kika kai wa ƙawarki ranar sunan ɗanta ba a mantawa, za a mayar miki har da ƙari. Sai dai ina da ja. Gwauruwa mai marayu fa, ko tsohon da ƙarfinsa ya ƙare? Ba su da abin ramawa. In gayya bashi ce kawai, su wa zai ɗaga musu?

Baba Ilu: 'Yata, gonar irin waɗannan ake fara nomewa, ba a jiran komai. Tsohon ai ya biya nasa tun yana da ƙarfi.

Ɗan Katsina: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jin karin maganar nan a bakin masu mulki. Zamanin Turawa, daga 1942 zuwa 1944, an kwashi talakawa zuwa haƙar kuza a Jos, abin da iyayenmu ke kira ɗiban gwamna. Wannan ba gayya ba ce, aikin tilas ne. Haraji da jangali ma an karɓa shekara da shekaru, talaka bai ga abin da aka yi masa ba, shi ya sa aka yi murna da Abubakar Rimi ya soke su a Kano a 1979. Wanda bai kawo asibiti da ruwan sha ba, bai cancanci ya karanta mana wannan karin magana ba.

Issufu Maraɗi: Ban yarda da kai duka ba, ɗan'uwa. A nan Nijar, zamanin Seyni Kountché, ƙungiyar matasa ta Samariya ta gina ajujuwa ta share garuruwa. Hukuma ce ta tsara, gaskiya, amma yaranmu ne suka shiga ajujuwan. In muka ce sai gwamnati ta sauke nata kafin mu yashe kwata, gidan wa ruwa zai ci da damina?

Ɗan Katsina: Namu zai ci, na sani, kuma zan fito da shebur ɗina. Amma bayan mun yashe, zan je sakatariyar ƙaramar hukuma in tambayi motar kwashe sharar da muka tara. Malam Habu, wa zai raka ni?