Jakara: kogi ne aka kashe, ko dama kwata ce?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya a majalisarmu aka yi ta kukan wai an kashe kogin Jakara, an binne tarihi da siminti. Na ce su daina yaudarar kansu. Jakara ba ta taɓa zama kogi ba, kwata ce tun kaka da kakanni. A bakinta aka yanke min cibiya, kuma ban taɓa ganin komai a cikinta ba sai leda da jinin abbatuwa da mushen akuya. Da za a rufe ta tun daga cikin gari har Gama, da mun huta da sauro.

Kawun Dala: Wa'alaikumus salam. Ɗana, abin da ka tarar ka faɗa, ba ka yi ƙarya ba. Amma kafin a haife ka ma akwai duniya. Muna yara, in ruwan Agusta ya sauka, da tsohon kwando muke shiga, mutum biyu su riƙe, na uku ya koro kifi da ƙafa. Har yau akwai tabo a babban yatsana inda ƙayar tarwaɗa ta soke ni, na koma gida ina kuka, Inna ta ƙara min da bulala don na jiƙa rigar makaranta. Da dare kuwa kwaɗi ba sa barin a ji hira a tsakar gida. Kwaɗo yana yin wannan bikin a kwata?

Ɗan Fagge: Kawu, Allah ya ja kwana, ko kududdufi ai yana yin kwaɗi da damina.

Malama: Bari in shiga tsakani. Kwata mutum ne yake haƙa ta. Jakara kuwa kwari ne da Allah ya yi, ruwan da ke gangarowa daga tudun Dala da Goron Dutse nan yake taruwa. Ta ratsa tsohon birni ta gefen Kasuwar Kurmi, ta fice ta ɓangaren Fagge, ta bi bayan Sabon Gari ta nufi arewa maso gabas. A gaba ta haɗu da Getsi, wadda ke kwaso ruwan masana'antun Bompai. Daga nan sai dam ɗin Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir, wanda aka gina a 1976. Abin da ke da mafari da rassa da inda yake zuba, a aji dai kogi muke ce masa. Kuma Sarki Muhammadu Rumfa, da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, a gefenta ya kafa Kurmi. Ayarin raƙuma da jakuna ba ya sauka inda babu ruwa.

Ɗan Fagge: Madalla da kika kawo tarihi, Malama. A Tarihin Kano ba Kurmin Baƙin Ruwa ake kiran wurin ba, tun zamanin Barbushe da Tsumburbura? Baƙin ruwa fa. Tun ba a san leda ba ruwan baƙi ne. Na gama magana.

Kawun Dala: Ba ka gama ba, yanzu ka fara. Je ka tambayi kakarka, in baƙo ya zo ta ce a kawo masa baƙin ruwa, me ake kawowa? Ruwan randa ne zalla, garai-garai, wanda ba a dama komai a ciki ba. Farin ruwa shi ne wanda aka zuba wa gari ko fura. Yaran yanzu kun bar Hausa a baya kuna neman ku kafa hujja da ita. Ko ma mu ɗauka launin ake nufi, ka manta kalmar farko: kurmi. Ruwan da ke kwance a ƙarƙashin manyan itatuwa, ganye na zuba a ciki, rana ba ta taɓa shi, dole ya yi duhu. Duhun inuwa daban, duhun bola daban.

Auta: Kawu ya yi wa Yaya ɗaurin goro. Ni wallahi ban taɓa sanin wannan baƙin ruwan ba.

Malama: Kada ku yi saurin tafi, Ɗan Fagge yana da rabin gaskiya. Wani Bature matafiyi, Kilafaton (Clapperton), da ya shigo Kano a Janairun 1824 ya rubuta cewa wata babbar fadama ta kusa raba birnin biyu, kuma tana jawo wa mutane rashin lafiya, don ana zuba mata ƙazantar gidaje. Ashe shekara 200 ke nan muna wannan hali, ba jiya muka fara ba. Sai dai shi ɗin dai ya ce ya ga agwagin daji da gauraki da ungulaye a wurin. Fadama ce mai datti amma mai rai. Dattin wancan zamani toka ce da kashin dabbobi da ruwan wanke-wanke, duk abin da ke ruɓewa, ciyawar ruwa ta shanye shi. Na yanzu akwai leda da baƙin mai da sinadarin jimar fata irin kuromiyam, wanda ba ya ruɓewa, sai dai ya kwanta a laka.

Mai Lambu: Ni ban yi boko ba, amma shekara talatin ina ban-ruwa da wannan ruwan a ƙasan Gama. Latas, alayyafo, kabeji, albasa. Masu cewa babu rai a ciki su zo da asuba. Balbela tana sauka fari fat a bayan masu kaftu, zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya, guza yana shan hantsi a kan bututu. Da bazara shamuwa tana zuwa. A Wasai har gobe masunta suna fitar da tarwaɗa da ƙarfasa. Amma ba zan ɓoye muku ba, akwai ranar da ruwan ke zuwa da kumfa da wani wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ranar ba na kunna inji. Sau ɗaya na yi gangancin shiga ba takalmin roba, mako biyu ƙafata tana saɓa.

Malama: Sannu Baba. Sai dai tarwaɗa ba shaidar lafiyar ruwa ba ce. Tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take kwana a bokiti ba ta mutu ba. Gaiwa ma haka, har cikin busasshiyar laka take zama ta jira damina. Su ne na ƙarshen mutuwa. Wanda za a tambaya shi ne ƙananan kifaye da tsutsotsin mazari, waɗanda ba sa jure ruwan da iska ta ƙare a cikinsa.

Auta: To ungulu fa, Anti? Ni ban taɓa ganinta ido da ido ba, a Kano aka haife ni.

Kawun Dala: Wannan kam ba laifin Jakara ba ne. Da a kan rufin mahauta suke jeruwa kamar masu zaman makoki. Guba da masu sayen kai da ƙafarta don tsubbu su suka ƙarar da ita.

Ɗan Fagge: Na ji, na janye "tun kaka da kakanni". Amma rufewar ban janye ba. Titin Wuju-Wuju, wato wanda ake shimfiɗawa a kan Jakara, da aka fara a zangon Kwankwaso na biyu, duk da shekarun da ya yi a yashe, ku tambayi waɗanda gidajensu ke bakin wurin. Yara nawa ruwan nan ya ci da damina kafin a rufe? Gauraka ba zai dawo Kurmi ba ko da an wanke ruwan da sabulu.

Malama: Inda gidaje suka matse ta a cikin gari ban ƙi ba. Amma murfi ba ya tsarkake abin da ke tukunya. Ruwan zai fito ta ƙasa yadda ya shiga, har ma ya fi gudu, tunda siminti ba ya tsotsa. In leda ta toshe a ƙarƙashin titi, wa zai gani kafin ambaliya ta shigo ɗaki?

Mai Lambu: Kuma ta wajena yake fitowa. Ɗan Fagge, latas ɗin da ka ci a kwaɗon buɗe-baki bara, kana jin daga ina aka yanko shi? Ranar Asabar bayan sallar asuba ina lambu, ka taho da Auta. Ku sako takalmin roba.