Kano zuwa Salaga a bas ɗin da na mayar ɗaki: ta ina zan bi?

Malam_Mai_Ritaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bayan na ajiye alli bara, na haɗa abin da ya samu na sayi tsohuwar Hiace 'yar Kwatano. Mai walda ya cire kujerun baya, kafinta ya buga gado da durowa a ƙarƙashinsa, na ɗora sola a rufi, ga batir da fanka da ɗan firji. Yarana sun ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Uwargida kuwa da ta shiga ta zauna a katifar, sai cewa ta yi ƙafata ƙafarta.

Kakana bafatake ne, da jakuna ya riƙa zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, sarin goro, kuma mun tashi da labarin Salaga a bakinsa. So nake in bi sawunsa: Bargu ta Nikki, Jugu, Yendi, sannan Salaga. Mun sa ranar tashi a Disamba. Hanyar tana biyuwa yanzu? Waɗanne takardu mota ke buƙata? A ina mutum zai tsaya ya kwana?

DirebanKurmi:
Wa alaikumus salam, Baba. Shekara tara ina jigila tsakanin Legas da Ankara ta Ghana, don haka bari in faɗa maka gaskiya. Sawun kaka a bar shi tukuna. Dajin Kainji da ƙasar Bargu ba lafiya, arewacin Benin ma haka. Ta Maraɗi da Yamai zuwa Burkina kuwa, kada ma ka kawo ta a rai da iyali a mota.

Ka gangara Legas, kusan kilomita 1,000 ne, ka raba shi kwana uku. Daga nan boda uku ke gabanka: Seme ta shiga Benin, Hilakonji ta shiga Togo, sai Aflawo ta shiga Ghana. Togo ta bakin teku ba ta fi kilomita hamsin da 'yan kai ba, amma zaman boda zai iya cinye maka wuni.

Takardu kuwa: fasfo, katin allurar shawara na kowannenku, lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, da asalin takardun mota masu sunanka. In sunan wanda ya sayar maka ne a kai, je ka gyara tun yanzu. A kowace boda kwastam za su ba mota takardar shiga ta wucin gadi, ka duba kwana nawa aka rubuta kafin ka ja. Na taɓa kwana biyu a wani shinge saboda harafi ɗaya na lambar shasi ya saɓa da na takarda. Ka yi kwafi da yawa, kada asali ya bar hannunka sai a cikin ofis.

Hajiya_Aboabo:
Malam, lale marhabin tun kafin ku iso. Ni a Kumasi aka haife ni, kakanninmu goron nan ne ya kawo su. Daga nan akwai hanya ta Ejura da Atebubu zuwa Yeji, a sa motarku a fanto, wato jirgin fito mai ɗaukar motoci, a tsallaka tafkin Volta zuwa Makango, Salaga na gaba kaɗan. Ku tambayi lokacin tashinsa kafin ku bar Kumasi, ba ya jiran kowa, wani lokaci kuma ku ne za ku yi ta jiransa. In ba ku son ruwa sai ku zagaya ta Tamale.

Sai dai ka rage buri. Tun yaƙin basasar 1892 kasuwar ta watse, fatake suka koma Kete Krachi da Kumasi. Rijiyoyin da na nan, Hausa na nan a bakin mutane, amma ƙaramin gari za ka tarar.

Batun kwana, da ɗan gari akan ci gari. Duk inda kuka sauka ku nemi zango, ku gaida sarkin zango ko liman, za a nuna muku inda za ku ajiye mota. Ka ce wa Hajiya ta taho da kuka da daddawarta, kuma gidan sauro dole ne.

Bakanike_Kofar_Ruwa:
Baba, kafin komai ka ɗora wa motar duk kayan da za ku tafi da su, har jarkokin ruwa, ka je Zariya ku kwana biyu a cikinta ku dawo. Abin da zai yi ƙara a can zai yi. Safaya biyu, fanbel, tiyon lagireto, filtar mai, man birki. Kuma don Allah kada a kunna risho ko gas ƙofa a rufe, ko da sanyin hunturu ya dame ku. Iskarsa ba ta da wari, barci kawai mutum zai ji.

Malam_Mai_Ritaya:
Allah ya saka da alheri. Na duba takardun yanzu, ashe har yau sunan dillalin ne a kai, Litinin zan fara da wannan. Sawun kaka na haƙura, in na kai Yendi daga baya na taka ɗan guntunsa. Hajiya_Aboabo, uwargida na tambaya: sefa da sidi, mu canza tun a Wapa ko mu bari sai boda?