Ƙurajen fuska sun addabe ni kuma ina neman haihuwa, wane magani zan yi?

MaiNemanSauƙi:

Salamu alaikum 'yan uwa mata, dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka sani ko suka taɓa shiga irin wannan halin. Shekaruna sun ɗan haura talatin kuma ƙurajen fuska nake fama da su, ba irin ƙananan nan na 'yanmata ba, manya ne masu zurfi a ƙarƙashin fata, a haɓa da muƙamuƙi har su gangaro wuya, basa yin baki sai dai su kumbura suyi ta zogi, in kuma suka sace sai su bar baƙin tabo ko rami. Duk sanda al'ada ta kusa sai abun ya ƙaru.

Da ina shan Diane-35, ƙwayar tsarin iyali, lokacin fuskata fes take, to da muka yanke shawara ni da maigida zamu nemi haihuwa sai na ajiye ta, ba'a daɗe ba komai ya dawo har ya fi na da. Naje wajen likitan fata yace masu irin nawa Roaccutane ko spironolactone ake basu, amma yana jin ina neman ciki sai ya ajiye biro, wai in dawo bayan na haihu na yaye, sabulun wanke fuska kawai ya rubuta min. To ni yanzu cikin ma bai samu ba balle haihuwa balle yaye, haka zan zauna? Al'adar ma yanzu sai ta ga dama take zuwa, wani lokacin sai ta haura kwana 40.

Ina da ragowar kirim ɗin Differin da kafson doxycycline a gida, wata ƙawata tace inci gaba da su ba komai, ranar da naga ɓatan wata sai in daina. Hakan yayi? Wlh ko hoto bana yarda a ɗauke ni yanzu.

'YarFamasi:

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu, Allah ya kawo sauƙi. Shawarar ƙawarki ce ta sa na tsaya yin dogon rubutu, dan Allah kar ki bi ta. Ranar da mace ta ga ɓatan wata cikin ya riga ya kai sati 4 a lissafin asibiti, kuma zuwa sati na 6 bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar yaro ya rufe, zuciya ta fara bugawa. Ke da al'adarki ma bata da tsayayyen lokaci ta yaya zaki gane ta yi ɓatan? Sai ki ɗauka irin jinkirin da ta saba ne alhali ciki ne ya yi nisa. Shi yasa duk mai neman haihuwa ake lissafa ta da mai ciki wajen magani tun daga ranar da ta ajiye tsari.

Likitanki bai yi ƙarya ba a kan waɗancan biyun. Roaccutane, wato isotretinoin, dangin bitamin A ne mai ƙarfin gaske, tun 1982 aka fara amfani da shi a Amurka kuma nan da nan aka ga ɓarnar da yake wa ɗan tayi, ɓari, tawayar zuciya da ƙwaƙwalwa da kunne da fuska. Har tsari suka kafa a 2006 mai suna iPLEDGE, mace bata karɓarsa sai anyi mata gwajin ciki duk wata kuma tana kan hanyar tsari biyu. Spironolactone kuma aikinsa danne homon ɗin maza ne, wanda shine yake sa fata zubo maiƙo har ƙofofin gashi su toshe, to in cikin namiji ne ana tsoron ya taɓa halittar al'aurarsa. Differin ɗinki da duk wani kirim da kika ga an rubuta tretinoin, adapalene, tazarotene ko retinol a kwalinsa ki ajiye su, abun da ke shiga jini kaɗan ne amma dangin Roaccutane ne, ba'a so a gwada. Doxycycline yana rina haƙoran yaro yana taɓa ƙashi musamman daga wata na huɗu, shima dai a ajiye, haka Septrin tunda yana faɗa da folik asid.

Inda ban yarda da likitan ba shine da ya sallame ki da sabulu, kamar babu komai tsakanin Roaccutane da haƙuri. Akwai mana. Azelaic acid, wanda ake saidawa da sunan Skinoren 20% ko Finacea 15%, ana shafa shi ko da ciki, yana kashe ƙwayar cutar, yana buɗe ƙofofin fata sannan yana dusar da baƙin tabon da kike kuka da shi, ni a ganina shine na farko gare ki. Sai benzoyl peroxide 2.5% ko 5%, kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai ke ratsa fata kuma jiki na fitar da shi ta fitsari. Ana haɗa shi da clindamycin na shafawa, Duac ma haɗinsu ne a tub ɗaya, kar dai a shafa clindamycin shi kaɗai dan ƙwayoyin cutar kan saba da shi ya daina ci. In waɗannan basu isa ba likita na iya rubuta antibayotik na sha na ɗan lokaci, irinsu cephalexin ko amoxicillin ko azithromycin. Su kuma manyan nan masu zogi akwai 'yar allurar siteroid da likitan fata ke yi a cikin ƙurjin kansa, kwana biyu zuwa uku kin ga ya kwanta, tana rage yiwuwar barin rami sosai.

Amma fa ki sani ba zasu maida ki kamar lokacin Diane-35 ba, ragewa suke, kuma sai kin basu sati 8 zuwa 12 kafin ki yanke musu hukunci. Yawancin masu cewa bai musu aiki ba sati biyu suka shafa suka yar. Ki fara da ɗan kaɗan, yau ki shafa gobe ki huta, dan da farko yana ɗan raɗaɗi da busar da fata. Benzoyl peroxide kuma yana koɗar da tawul da rigar filo, ki ware masa fari.

Ummu_Tagwaye:

Ni ba fuskar ce ta ja hankalina ba, al'adar ce. Ƙuraje a haɓa ga babbar mace, al'ada tana haura kwana 35, ciki bai samu ba, 'yar uwa an taɓa duba ki PCOS, wato matsalar homon da ke shafar ma'ajiyar ƙwai? Kina ganin gashi a haɓa ko ƙirji ko ƙasan cibiya? Gashin gaban kanki na raguwa? Wuyanki ko hammata sunyi duhu? Ni da ita nake zaune kuma haka nawa ya fara, shekara da shekaru ina yawo wajen masu gyaran fata ashe maganar tana wajen likitan mata. Kusan mace ɗaya cikin goma na da ita, da yawa basu ma sani ba, musamman wadda ta daɗe kan ƙwayar tsari, dan ƙwayar ita ke kawo jinin duk wata kuma ita ke danne homon ɗin, sai an ajiye ta asiri ya tonu.

Yadda suke ganewa abu uku ake dubawa, in an samu biyu shikenan, rashin sakin ƙwai a kan lokaci, alamar homon ɗin maza yayi yawa a jiki ko a gwajin jini, sai kuma abun da sikanin ya nuna a ma'ajiyar ƙwai. Ƙa'idar Rotterdam suke ce mata, tun 2003 ake bin ta. Suna kuma duba tayirod da homon ɗin nono da suga dan kar a ɗauki wani ciwon a matsayin wani.

Abun da yasa na dage, in ita ce to matsala ɗaya ce ta fito miki ta ƙofa biyu. Ni metformin aka ɗora ni saboda insulin, sannan letrozole na kwana biyar a farkon al'ada dan a samu sakin ƙwai. Ba zan ce miki fuskata ta goge ba, ta dai lafa. Kuma kar ki yarda a ce miki sai kin cika shekara kina nema kafin a duba ki, wannan ga mai al'ada daidai ne wadda bata kai 35 ba, in ta kai 35 wata shida ne, mai al'ada a birkice kuwa ba jira take ba. Folik asid 400mcg ki fara tun yau in baki fara ba.

Anti_Babba:

Zan faɗi abun da wasu ba zasu so ji ba. In ƙurajen sun kai suna barin rami, ramin nan baya cikewa da kansa har abada, baƙin tabo ne ke gogewa. Akwai matan da ke zaɓar su dakata da neman cikin, su koma tsari da gaske, su sha Roaccutane na wata huɗu zuwa shida, a jira wata guda cur bayan kafson ƙarshe maganin ya fita daga jiki, sannan a dawo nema. Baya taruwa a jiki ya shafi cikin da za'a samu daga baya. Ƙanwata haka tayi kuma bata yi nadama ba, dan ita abun har ya taɓa mata zaman aure, bata fita, bata son a kalle ta, kullum kuka. Masu cewa ai ƙuraje ne kawai ki haƙura basu san me ake ji ba.

Sai dai ki auna da shekarunki, wata bakwai ko takwas ga 'yar 26 ba komai bane, ga 'yar 37 kuwa magana ce babba. Kuma dole maigida ya shigo ciki ya yarda, dan wannan maganin baya ɗaukar tsautsayi ko na dare ɗaya.

Ummu_Tagwaye:

Anti maganarki na kan hanya amma a ƙara da cewa mu masu na homon, musamman masu PCOS, mun fi kowa ganin ƙurajen sun dawo bayan an gama Roaccutane ɗin, tunda tushen na nan. Kar ta bada wata takwas sannan ciki ya zo ya sake tada su, dan wata ukun farko na ciki ma kansa yana tada wa wasu. A fara gwajin dai tukuna.

Gimbiya_M:

Ni tambaya ɗaya, wane mai kike shafawa? Dan da yawa muna ɓoye wa likita wannan. Mayukan hasken fata da haɗe-haɗen da ake saidawa babu suna a jiki yawanci akwai siteroid ciki, clobetasol ko betamethasone, satin farko fuska tayi luwai daga baya ƙuraje su feso ninki biyu. Hydroquinone kuma da ake sawa dan tabo kusan kashi 35 zuwa 45 nasa na shiga jini, mai neman ciki ta bar shi. In kin daɗe kina shafa mai siteroid kar ki yanke lokaci ɗaya, fuska na iya yin bore, ki faɗa wa likita a janye a hankali. Ki samu man kariyar rana mai zinc oxide, in ba haka ba tabon zai yi wuyar dushewa ko me kika shafa. Kuma a daina matsa dan Allah, masu zurfin nan babu abun da ke fita sai dai ki tura shi ciki.

MaiNemanSauƙi:

Kai amma nagode ƙwarai, Allah ya saka muku da alkhairi. Ummu_Tagwaye wlh kamar kina ganina, akwai 'yan gashi a haɓata da nake tsigewa, ban taɓa haɗa su da maganar ba, zan nemi ganin likitan mata. Gimbiya bana shafa na haske amma akwai wani ruwan gyaran fuska da nake sawa da dare, yanzu na duba kwalbar naga retinol a jiki. Anti na ji shawararki, zuciyata dai bata kwanta da dakatawar ba, maigida ma ba zai so ba. 'YarFamasi hankalina ya ɗan tashi, na shafa Differin ɗin a farkon watan nan kuma har yanzu al'ada bata zo ba, in ciki ne fa? Sannan sabulun da aka rubuta min akwai salicylic acid 2%, shima in bari?

'YarFamasi:

Kwantar da hankalinki. Ki ajiye Differin da ruwan retinol ɗin daga yau, ki yi gwajin ciki da fitsarin safe, in ya nuna babu kuma jinin bai zo ba ki maimaita bayan sati. Ko da ya nuna akwai, matan da suka shafa irinsa cikin rashin sani a farkon ciki an bibiye su ba'a ga nakasa ta ƙaru a 'ya'yansu ba, wanda ake sha shine mai haɗarin gaske, na shafawa dan kaffa-kaffa ake hanawa. Ki dai faɗa a wajen awo su rubuta a katinki.

Sabulun ki cigaba da abunki, 2% da ake wankewa a fuska kaɗai ba matsala, wanda ake gudu shine mai ƙarfin da ake saɓe fata da shi ko a shafe jiki duka. In kina shan wani bitamin na gyaran fata ki duba kwalin, bitamin A nau'in retinol da ya haura 10,000 IU a rana ba'a son shi ga mai neman ciki. Ranar da zaki asibiti ki zuba duk abun da kike sha da shafawa a leda ki tafi da su, har doxycycline ɗin, kuma ki rubuta ranakun da al'adarki ta zo a watannin baya dan shine abun da likitan mata zai fara tambayarki. In kin koma wajen likitan fata ki ambaci azelaic acid da allurar cikin ƙurji da bakinki, in ya sake cewa sai kin yaye ki nemi wani.