West Kowloon: an cike teku don jama'a ko don masu filaye?

Injiniya: Ina nan kan bakata. Unguwar al'adu ta West Kowloon a Hong Kong cinikin fili ne aka lulluɓe da sunan al'ada. An cike teku a shekarun 1990, aka ware hekta 40. A 2008 majalisa ta ba hukumar wurin dalar Hong Kong biliyan 21.6 a dunƙule, wai ta riƙe kanta. Da kuɗin suka fara ƙarewa, a 2024 gwamnati ta yarje mata sayar da gidajen zama a filin. Ina al'ada a nan?

Ɗan Kwari: Haba Injiniya, ka taɓa taka wurin? Na leƙa da na je saro kaya. Lambun bakin ruwan kyauta ake shiga. Iyalai sun baje shimfiɗa a kan ciyawa, yara na tuƙa keke, jiragen ruwa na wucewa ta gabansu. A garin da mutum ke haya a ɗaki kamar akurki, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Malama: Kuma Injiniya, wane gidan tarihi ne kuɗin tikiti kaɗai ke riƙe shi? M+, gidan baje kolin fasahar zamani da aka buɗe a unguwar a Nuwamban 2021, shi ma sai da ya yi shekara guda ba a biyan ko sisi a ƙofa. Dole a nemo kuɗi daga wani wuri.

Injiniya: To Malama, wa aka tambaya? Gidan kayan fadar sarakunan Sin da ke unguwar, Carrie Lam, babbar sakatariyar gwamnatin Hong Kong a lokacin, ita ce ta sanar da shi kwatsam a Disamban 2016, ba tare da jin ra'ayin jama'a ba. Jockey Club ta ba da dalar Hong Kong biliyan 3.5 don gina shi.

Ɗan Kwari: Masu cacar sukuwar nan?

Injiniya: Su fa.

Alhaji: Ku dai ku dubi Legas. Da can kowa na zuwa Bar Beach shan iska, yau Eko Atlantic ce zaune a wurin, talaka sai dai ya hango benaye. Su can Hong Kong aƙalla an bar wa jama'a bakin ruwan.

Injiniya: Ranka ya daɗe, an bar musu zuwa yanzu. Bari masu gidajen su tare, mu ga ko za su jure hayaniyar yara a ƙasan tagoginsu.

Malama: Wannan kuma hasashe ne, ba hujja ba.